Zumunta A Ƙafa Take: Labarin Tish Da Fonny

A wannan mako mun ɗauko muku wani littafi ne daga ƙasar Amurka, wanda aka rubuta da Turanci, aka kuma buga shi a shekarar 1974. Sunansa If Beale Street Could Talk, watau da a ce Titin Beale yana da baki, da ya yi magana. Marubucinsa James Baldwin ne, baƙar fata ɗan Amurka. Ƙagaggen labari ne na wani saurayi da budurwarsa waɗanda wariyar launin fata ta shiga tsakaninsu. Abin da ya sa muka ga ya cancanci wannan shafi shi ne, a cikinsa akwai wata mace mai yawan zuwa sujada, wadda duk mai bi da ya karanta halinta sai ya tsaya ya dubi kansa.

Mutumin Da Ya Rubuta Shi

An haifi Baldwin ranar 2 ga watan Agusta, 1924, a Harlem, unguwar baƙaƙen fata da ke birnin Niyok. Shi ne babba cikin 'ya'ya 9 a gidan talauci. Mijin mahaifiyarsa, wanda ya goye shi, mai wa'azi ne mai tsanani ƙwarai. Sa'ad da yaron ya kai shekara 14 sai shi ma ya fara wa'azi a wata ƙaramar ikkilisiyar Fentikos ta unguwarsu, ya yi shekara 3 yana yi, sa'an nan ya bari yana da shekara 17. Daga baya ya yi ta sukar ikkilisiya a rubuce-rubucensa, amma muryar mai wa'azi ba ta taɓa barin alƙalaminsa ba. Littafinsa na fari, Go Tell It on the Mountain, wanda ya fito a 1953, kan rayuwar irin wannan ikkilisiya ya yi shi.

A shekarar 1948 ya bar Amurka ya koma Faransa saboda wulakancin da ake yi wa baƙar fata ya ishe shi. Duk da haka ya riƙa komowa gida domin ya sa hannu cikin gwagwarmayar neman 'yancin mutanensa. Cikin shekara 5 aka kashe mutum 3 da ya sani ƙwarai: Medgar Evers a 1963, Malcolm X a 1965, da Fasto Martin Luther King a 1968. Ban da wannan, a 1967 aka kama wani abokinsa, Tony Maynard, bisa zargin kisan kai a Niyok. Baldwin ya yi ta fafutuka a kansa, mutumin kuwa ya yi fiye da shekara 6 a tsare kafin a sake shi a 1974, shekarar da littafin nan ya fito. Don haka wanda ya rubuta labarin Tish da Fonny ya san makoki, ya kuma san ƙofar kurkuku da ƙafarsa. A wani ƙauye a kudancin Faransa mai suna Saint-Paul-de-Vence ya rubuta littafin, a can kuma ya rasu ranar 1 ga watan Disamba, 1987.

Yadda Labarin Yake

Tish ce take ba da labarin da bakinta. Yarinya ce 'yar shekara 19, tana sayar da turare a wani babban kanti. Fonny, wanda sunansa na yanka Alonzo Hunt, yana da shekara 22, masassaƙi ne mai fitar da siffofi daga itace da dutse. Tare suka tashi a Harlem. Da faɗa ma suka san juna, gama tun suna yara Tish ta taɓa kwaɗa masa sanda mai ƙusa a fuska. Daga nan suka zama kamar wa da ƙanwa, har ranar da suka gane abin ya wuce haka. Suka yi alkawarin aure, iyayen Tish suka yarda, suka shiga neman ɗakin haya.

A nan ne mai karatu zai fara ganin irin ƙasar da suke ciki. Tun 1964 dokar Amurka ta hana nuna bambancin launin fata a wuraren aiki da wuraren jama'a, amma zukatan mutane ba su bi dokar nan da nan ba. Masu gidaje suka riƙa juya musu baya da zarar sun ga Fonny. Da ƙyar suka sami wani Bayahude mai suna Levy wanda ya yarda ya ba su wuri, don kawai ya ji daɗin ganin yara biyu masu ƙaunar juna.

Wata rana da yamma Tish tana zaɓen tumatir a wani shagon kayan miya, sai wani ɗan iska farar fata ya taɓa ta. Fonny ya kama shi ya jefar waje. Wani ɗan sanda farar fata mai suna Bell ya zo zai kama Fonny, amma mai shagon, wata dattijuwa 'yar Italiya, ta tsaya a gaban jama'a ta ba da shaida cewa yaron ba shi da laifi. Bell ya ji kunya ya tafi, amma ya riƙe abin a zuciya.

Ba da daɗewa ba aka yi wa wata mace 'yar Puerto Rico mai suna Victoria Rogers fyaɗe a wani gefe na birnin. Bell ya rantse cewa ya ga Fonny yana gudu daga wurin, alhali a daren Fonny yana ɗakinsa, can nesa, tare da Tish da wani abokinsa Daniel. Da aka jera mutane a gaban matar domin ta nuna wanda ya cuce ta, Fonny ne ya fi kowa baƙi a layin, ta kuwa nuna shi. Shaidar Tish ba ta da nauyi tun da budurwarsa ce. Daniel kuma tsohon ɗan kurkuku ne wanda aka taɓa ɗaurewa bisa satar mota alhali ko tuƙi bai iya ba, aka sake kama shi domin a rufe masa baki. Littafin ya soma ne a ranar da Tish ta je kurkuku, gilashi a tsakaninsu, kowa da kan tarho a kunne, ta gaya wa Fonny tana da cikinsa.

Daren Da Gidaje Biyu Suka Haɗu

Mutanen gidan su Tish 'yan Baptist ne a suna, amma ba su cika zuwa majami'a ba sai lokacin idi. Mahaifinta Joseph ma'aikaci ne a tashar jiragen ruwa, mahaifiyarta Sharon kuwa tsohuwar mawaƙiya ce. Da Tish ta gaya wa mahaifiyarta maganar cikin, tana rawar jiki, Sharon ba ta ɗaga murya ba. Ta lallashe ta, ta sa ta kwanta ta huta, ta bari sai da maigida da yayar Tish, Ernestine, suka dawo aka ci abinci, sa'an nan ta buɗe maganar. Joseph ya yi shiru na ɗan lokaci, daga baya ya ɗauki 'yarsa ya ɗora a cinya, ya nuna mata cewa jikansa ne, kuma ba za a bar shi ya zo duniya da kunya ba.

Sai suka aika aka kira iyayen Fonny. Mahaifinsa Frank, tela ne wanda shagonsa ya karye, mashayi kuma, ya yi murna har ransa. Mahaifiyarsa kuwa, wadda ake kira Uwargida Hunt, ita ce mai ibadar gidan. Ba ta fashin sujada, takan faɗi cikin Ruhu a majami'a, kowa ya san ta da addu'a. Ta riga ta faɗa cewa mai yiwuwa kurkukun nan hanya ce da Ubangiji zai bi ya jawo ɗanta ga tuba. Da ta ji zancen cikin sai ta miƙe tsaye, ta ce cikin zunubi aka same shi, ta yi wa jikanta baki tun yana ciki, har ta ambaci sunan Ruhu Mai Tsarki cikin la'anarta. Frank ya buge ta ta faɗi. Taron ya watse da zage-zage.

Baldwin ya nuna mana wani abu kuma game da matan nan. Ita da 'ya'yanta mata biyu suna da hasken fata, suna kuma alfahari da shi, tun Fonny yana ƙarami suke raina shi don ya fi su duhu. Watau cutar wariya ta bar titi ta shigo har cikin ɗaki, ta sa uwa tana ƙyamar launin ɗan da ta haifa. Daga baya lauyan Fonny ya sami labari cewa uwar da 'yan'uwansa mata suna gaya wa masu gabatar da ƙara cewa yaron dama can ba ya jin magana.

Ba mu kawo wannan domin mu wanke ciki kafin aure ba, ko mu yabi mijin da ya ɗaga wa matarsa hannu. Koyarwar ikkilisiya a kan waɗannan a fili take. Abin dubawa shi ne, a daren nan yaro yana kurkuku bisa laifin da bai yi ba, yarinya tana ɗauke da rai, ita kuwa wadda ta fi kowa sanin Littafi Mai Tsarki a ɗakin ita ce kaɗai ta fita ba ta ɗauki ko kaɗan daga nauyin ba.

Waɗanda Suka Taka Ƙafa

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, sauran littafin kuwa kamar fassarar wannan karin magana ne. Ernestine ta nemo lauya farar fata mai suna Hayward, ta kuma tsaya a kansa don kada ya yi sakaci. Tish ta riƙa tsayuwa yini guda a kantin turare da ciki, in ta tashi ta shiga jirgin ƙasa zuwa kurkuku, har ranar da mahaifinta ya ce ta bar aikin, gama ganin fuskarta kowace rana shi ne abin da yake riƙe da Fonny da rai. Joseph da Frank suka ƙara sa'o'in aiki, da abin ya gagara har suka shiga ɗauke kaya daga wuraren aikinsu suna sayarwa domin kuɗin lauya da na beli. Marubucin bai ɓoye cewa sata ce ba, kuma mun ga inda ta kai ɗayansu.

Tafiyar da ta fi kowacce nisa ita ce ta Sharon. Victoria Rogers ta gudu ta koma tsibirin Puerto Rico, shari'a kuwa ba za ta warware ba sai ta janye shaidarta. Sharon, wadda ba ta jin harshen Sifaniyanci, ta hau jirgin sama ita kaɗai, ta bi unguwannin matalauta tana tambaya har ta same ta. Ta nuna mata hoton Fonny, ta roƙe ta a matsayin uwa da uwa. Matar ta fashe da kururuwa, maƙwabta suka taru, Sharon ta fita hannu wofi. Daga baya labari ya zo cewa Victoria ta yi ɓari, hankalinta ya taɓu, aka ɗauke ta zuwa inda ba za a same ta ba, aka ɗaga shari'ar.

Mai karatu zai tuna da Yusufu ɗan Yakubu wanda aka jefa kurkuku a Masar bisa ƙaryar matar Fotifar, kamar yadda yake a Farawa sura 39. Akwai kama, amma akwai bambanci babba. Matar Fotifar ƙage ta yi. Victoria kuwa da gaske aka cuce ta, sai dai an miƙa mata wanda bai yi ba aka ce shi ne, ita kuma ba ta da ƙarfin da za ta sake komawa cikin daren nan ta bincika. Baldwin bai mai da ita abokiyar gaba ba. Ya nuna matalauta biyu ne, ɗan baƙar fata da 'yar ci-rani, waɗanda aka haɗa su faɗa, mai laifin na ainihi kuwa ba wanda ya neme shi.

Ƙage Ne, Amma Ya Faru

Kada wani ya ce marubucin ya zuzuta. A 1989 aka kama yara 5 daga Harlem, masu shekara 14 zuwa 16, huɗu baƙaƙen fata, ɗaya ɗan asalin Latin Amurka, bisa zargin yi wa wata Baturiya fyaɗe a babban lambun shaƙatawa na Niyok da ake kira Central Park. Aka ɗaure su. Sai a 2002 wani fursuna dabam ya amsa cewa shi ya yi, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da maganarsa, kotu ta soke hukuncin, bayan ɗayansu ya yi wajen shekara 13 a ɗaure.

A 2010 kuma aka kama wani yaro mai suna Kalief Browder, ɗan shekara 16, bisa zargin satar jakar goyo. Aka yanka masa belin dala 3,000, iyalinsa ba su da ita. Ya yi shekara 3 a kurkukun tsibirin Rikers ba tare da an yi masa shari'a ba, wajen shekara 2 daga ciki shi kaɗai a ɗakin horo. Aka sake shi a 2013 aka janye ƙarar. A 2015 ya kashe kansa yana da shekara 22, daidai shekarun Fonny.

Harshen Littafin

Titin Beale da ke sunan littafin yana birnin Memphis ne a jihar Tennessee, labarin kuwa bai taka can ba ko sau ɗaya. Baldwin ya aro sunan daga wata tsohuwar waƙa ta W. C. Handy, daga irin waƙoƙin da ake kira bulus, waɗanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro domin su rera baƙin cikinsu. Haka ma littafin yake tafiya. Tish takan fara zancen kurkuku, sai ta koma ranar da Fonny ya fara riƙe hannunta, sa'an nan ta dawo kan gilashin nan, kamar yadda mai makoki yakan yi ta kai da komowa tsakanin jiya da yau. Har abubuwan da ba ta gani da idonta ba, kamar hirar iyaye maza biyu ko tafiyar mahaifiyarta, takan ba da su kamar tana wurin. Wani lokaci jimla takan miƙe tana maimaita kalma ɗaya irin ta mai wa'azi da ya kai tsakiyar saƙonsa. Kashi na biyu na littafin ma Sihiyona ya sa masa suna.

Ya kamata mu faɗa wa iyaye da shugabannin matasa cewa akwai ashar irin ta titi a cikinsa, akwai kuma wuraren da ya bayyana sha'anin mace da namiji ba tare da sakayawa ba. Littafin manya ne.

Yadda Ya Ƙare

Marubucin bai ba mu ƙarshe mai daɗi ba. An yi wa Fonny duka a kurkuku, ya rasa haƙori, ya kusa rasa ido. Aka kama Frank da satar da yake yi a wurin aiki aka kore shi. Ganin ba shi da sauran hanyar da zai fanshi ɗansa, sai ya ɓace, daga baya aka tsinci gawarsa cikin motarsa a bakin kogi, ya kashe kansa. A daidai lokacin da labarin nan ya iso gidan su Tish naƙuda ta kama ta. Shafin ƙarshe ya nuna Fonny yana sassaƙa, jariri yana kuka, ba a kuwa gaya mana ko ya fito ne ko mafarki ne ba. A fim ɗin da Barry Jenkins ya yi daga littafin a 2018, Fonny ya karɓi laifin da bai yi ba domin a rage masa shekaru, Tish tana kai masa ɗansu ziyara. Regina King, wadda ta fito a matsayin Sharon, ta sami lambar Oscar a 2019.

Marubuta na baya sun bi wannan hanya. Tayari Jones ta fitar da An American Marriage a 2018, labarin sababbin ma'aurata waɗanda ɗaurin zalunci ya raba. Caleb Azumah Nelson, ɗan Ingila wanda iyayensa 'yan Gana ne, ya fitar da Open Water a 2021, labarin wani mai ɗaukar hoto da wata mai rawa a Landan, inda tsoron 'yan sanda da makokin da saurayin ya kasa furtawa suka ci ƙaunarsu.

Abin Da Ya Rage Mana

Za a iya cewa Baldwin ya yi wa Uwargida Hunt tsanani, gaskiya ne kuwa. Ikkilisiyar baƙaƙen fatar Amurka ba ita ce hotonta duka ba. Daga majami'unsu aka shirya ƙaurace wa motocin haya a birnin Montgomery a 1955 da 1956, mata masu addu'a irinta da yawa ne suka yi fiye da shekara guda suna tafiya aiki a ƙasa domin a kawar da wariya. Amma wanda ya zana ta ya yi shekara 3 yana wa'azi, ya san mu daga ciki, shi ya sa zanen yake da zafi.

Mu ma mun san yadda abin yakan kasance. Idan aka ce an kama ɗan wane, kafin alƙali ya zauna mun riga mun yanke hukunci a ƙofar majami'a, uwarsa ta zo sujada ta tarar bencin da take zama ya yi fili. Idan yarinya ta yi ciki, mukan yi saurin sa ta ƙarƙashin horo, amma ba kullum ake samun wadda za ta raka ta awo a asibiti ba. Horo yana da wurinsa a ikkilisiya. Sai dai jaririn bai yi laifin komai ba, wanda ake tuhuma kuma ba lallai shi ya aikata ba, ko da ma shi ne, Ubangijinmu ya lissafta ziyarar ɗan kurkuku cikin ayyukan da zai tambaye mu a kansu, kamar yadda muke karantawa a Matiyu sura 25.

Sharon ta je Puerto Rico ta dawo ba ta sami abin da ta je nema ba. Ƙaunar mutanen nan ba ta buɗe ƙofar kurkuku ba, ba ta kuma ceci Frank ba. Abin da ta yi shi ne ta hana Fonny mutuwa a zuci, ta kuma sa jaririn ya faɗo cikin hannuwan da suke jiransa. Abokin kuka, in ji masu iya magana, ba a ɓoye masa mutuwa. Muna roƙon zumuntar mata, da ta maza, da ta matasa, kowacce ta bincika a wannan mako ko akwai gida a cikinmu da yake da ɗa a tsare, ko yarinyar da ta daina zuwa sujada don kunya, a naɗa mutum biyu ko uku su je su gaishe su. Allah ya ba mu ikon yi.